Kanula, kwaɗo da rasit: abin da ke cinye lokacin nas a emajensi

Kafin a ɗaura wa wanda ya yi haɗari ledar ruwa ta farko, sai abu takwas sun haɗu a wuri ɗaya: kanula (ɗan bututun da ake sokawa a jijiya), robar da ruwan ke bi, ledar ruwan kanta, filasta, auduga da sifirit, safar hannu, robar ɗaure damtse don jijiya ta taso, da sandar ratayewa. Nas ɗin da hannunta ya faɗa, in duk suna gabanta, cikin minti biyu ko uku ta gama. Wasu daga ciki ana yi musu dabara. Safar hannu takan zama robar ɗaure damtse, ƙanen majinyaci kuma yakan tsaya a madadin sanda, riƙe da leda a sama har hannunsa ya sage. Kanula da robar da ruwan ke bi kuwa ba su da madadi. In babu ɗaya daga cikinsu, ilimin nas da na likitan da ke tsaye a bayanta duk sun tsaya cik sai an samo.

A Jos, in hirar emajensi ta taso a majalisa ko a shirin rediyo na kiran waya, ƙorafin kusan ɗaya ne: nas-nas ba su da tausayi, mun kai mutum jini na zuba an bar shi a kwance. Akwai masu mugun hali a cikinsu kamar kowace sana'a, ba zan wanke kowa ba. Sai dai mafi yawan jiran da dangi ke gani jiran kaya ne, nas ɗin ma jira take yi tare da su. In aka bi sawun kayan nan daga sito zuwa gefen gado, za a ga inda mintocin ke zubewa, a kuma ga cewa da yawansu ana iya tare su.

Mintocin kuwa ba na wasa ba ne. Akwai wata allura mai araha, taranezamik asid, da ke rage zubar jini. Babban gwajin da aka yi mata, wanda sakamakonsa ya fito a 2010, ya haɗa majinyata fiye da 20,000 a ƙasashe 40, har da Najeriya. Da aka sake tace alƙaluman sai aka ga amfaninta ya fi yawa a awa ta farko bayan rauni, yana raguwa zuwa awa uku, bayan nan ba ta da fa'ida, tana ma iya cutarwa. Wanda mota ta ƙwace wa a Hawan Kibo, kafin a ciro shi, a samu abin ɗaukarsa, a hauro da shi Jos, hanya ta riga ta cinye babban kaso na wa'adin. In ya iso kuma aka ce allurar sai an rubuta an je an sayo, to an ƙarasa ɗan abin da hanya ta rage.

Ga yadda takardar ke yawo a yawancin asibitocin gwamnati. Likita ya duba ya rubuta, nas ta miƙa wa ɗan'uwan majinyaci. Ya je famasi a yi masa lissafi, ya je wurin kashiya ya biya, in sabis ya ɗauke na'urar POS ta ƙi sai ya fita neman tsabar kuɗi, sannan ya dawo famasi da rasit. Abu shida aka rubuta, huɗu ake da su, biyu sai a waje. Ya nufi masu kemis na bakin get, in dare ya yi nisa sai ya nemi keke ya shiga gari. Mutumin nan fa bai taɓa riƙe kanula ba, bai san launinta ke nuna faɗin bakinta ba: mai ruwan toka da koriya su ne manya, masu zuba ruwa da jini da sauri, shuɗiya da mai ruwan ɗorawa na yara ne da masu siraran jijiyoyi. Sai ga shi ya dawo yana haki.

"Sista, ga su nan."

"Baba, wannan ta yara ce. Koriya na ce."

"Wallahi ita suka ba ni, 'yata."

Wata tafiyar ta tashi ke nan. Kuma a garin nan, ko nas ɗin Birom ce ko Ngas ko Tarok, da Hausa ake wannan magana, da Hausa kuma take shan faɗan da bai kamata ya sauka a kanta ba.

Ita kuwa ba za ta naɗe hannu ta zauna ba. Ta koma kan na biyu, wanda shi ma kayansa na hanya, daga nan sai na uku. Kafin awa guda tana da aiki biyar ko shida a ka, kowanne an fara ba a gama ba, kowanne yana jiran wani mutum da zai shigo da baƙar leda a lokacin da ba ita ta zaɓa ba. Tana cikin zuƙar allurar wani, ɗan'uwan na farko ya dawo yana ƙwala mata kira. A irin wannan katsewa ake mance wa aka yi wa allura, wa ba a yi wa ba. Tsarin tantance majinyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa, ja ga wanda ba zai iya jira ba, ruwan ɗorawa ga mai ɗan dama-dama, kore ga wanda zai iya zama a benci, shi ma a nan yake rushewa. A takarda mai ja ne a gaba. A aikace wanda ɗan'uwansa ya riga dawowa daga kemis shi ne a gaba.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Masu bincike biyu na Jami'ar Harvard, Anita Tucker da Amy Edmondson, sun tattara awa 239 na bin sawun nas-nas 26 a asibitoci tara, suka wallafa abin da aka gani a 2003. Kusan kowace awa nas takan ci karo da wani cikas: magani bai zo ba, na'ura ba ta inda aka bar ta, abin da ake nema ya ƙare. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suke yi da cikas ɗin. A kashi 93 cikin 100 na lokutan, nas takan yi dabararta ta wuce, ba tare da an toshe ɓarakar daga tushe ba. Wannan fa a asibitocin da ba a aika dangi kemis ke nan.

Dabarun namu sanannu ne. Aro daga ɗakin kwanciya na kusa ko daga tiyata, da sunan gobe za a mayar. Aljihun riga ɗauke da kanula biyu, sirinji uku da guntun filasta. Sai loka, inda ake tara ragowar kayan waɗanda aka sallama, ko waɗanda Allah ya yi wa rasuwa dangi suka ce a bar wa mabuƙata. Rayuka da yawa sun tsira da wannan loka, duk wanda ya taɓa kai mutum cikin dare ba ko sisi a aljihu ya san darajarta. Amma a dubi abin da take yi wa lissafi. Mai sito yana odar kaya ne gwargwadon abin da littafinsa ya nuna ya fita a watannin baya. In koriyar kanula ta yanke mako uku, littafi zai nuna an ci kaɗan, tunda babu abin da ya fita. Wadda dangi suka sayo a waje ba ta shiga littafi ba. Wadda aka aro da sunan wani ɗaki aka rubuta ta. Wadda ta fito daga loka kuwa ba ta da suna ko kaɗan. Sai oda ta gaba ta zo ƙarama, ta sake yankewa da wuri, a sake komawa aro. Shugabannin asibiti kuma, da yake aiki bai tsaya ba, sai su ɗauka lafiya lau ake. Ƙoƙarin nas ɗin ne ya rufe musu ido.

Ana yawan cewa nas-nas sun yi kaɗan, kuma gaskiya ne. A watan Fabrairun 2024 majalisar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista ta ce fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Binciken Linda Aiken na 2002 a asibitoci 168 na jihar Fensilbaniya ta Amurka ya nuna duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Horar da sabuwar nas kuwa aikin shekaru ne. Amma a yi wani lissafi mai sauƙi. A ƙaddara kowace nas tana ɓata minti 10 a kowace awa wajen neman kaya, aro, jiran mabuɗi da yi wa dangi kwatancen kemis. A aikin awa takwas minti 80 ke nan. In su shida ne a bakin aiki, minti 480, wato awa takwas cur. Nas guda ta ɓace daga cikin shida ba tare da ta nemi bizar Ingila ba. Ita wannan asibiti zai iya dawo da ita da kansa, ba sai ya jira izinin ɗaukar ma'aikata daga Abuja ba.

To me ya hana a zuba kayan a gefen gado kowa ya ɗauka? An taɓa zubawa sun yi ɓatan dabo. Amsar da kowace metron, wato shugabar nas-nas, za ta ba ka ke nan, kuma ba ƙarya take yi ba. Kayan asibiti kuɗi ne a bakin get. Abin da ya fita ta taga da dare yana iya dawowa ta ƙofa da safe a hannun ɗan'uwan majinyaci, da farashin kemis. In aka zo ƙidaya aka ga giɓi, wadda ta sa hannu ta karɓo daga sito ita za a tuhuma. Duk wanda aka ɗora wa asara ba a ba shi hanyar bin diddigin kaya ba, kwaɗo zai saya. Sai mabuɗi ya koma aljihun mutum ɗaya, mutumin kuma ya raka majinyaci ɗakin hoto, ko ya tafi salla, ko ya tashi aiki ya manta ya wuce da shi Bukuru. Akwai magungunan da dole a kulle, irin su mofin da fetidin, waɗanda ake yi wa akwati da littafi na daban, kowace kwalba da sa hannu. Kuskuren shi ne a yi wa safar hannu da sirinji irin tsaron da ake yi wa mofin.

Bayan kwaɗon kuma akwai rasit. Tun taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987 aka rungumi tsarin asusun magani mai juyawa: a zuba jari sau ɗaya, a sayar wa majinyata da 'yar riba, a sake sayo wani da kuɗin. Tsarin yana tafiya daidai inda kowa ke biya kafin ya karɓa. Emajensi kuwa wuri ne da aka gina don wanda ba zai iya biya a wannan minti ba: wanda 'yan agaji ko jami'an kiyaye haɗurra suka tsinto a titi ba suna ba waya, direban keken da cinikinsa na ranar ya watse a kwalta, almajirin da mota ta buge. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar 2017 ta ƙara da cewa a yi wa wanda aka harba magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba. Dokokin sun faɗi haƙƙin majinyaci. Wa zai mayar wa famasi kuɗin leda shida da aka ɗaura wa wanda ba a san sunansa ba, a nan gizo ke saƙa.

Dokar 2014 ɗin ta yi tanadi: aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya zai shiga asusun kula da lafiya a matakin farko, kashi 5 cikin 100 na asusun kuma na agajin gaggawa ne. Daga nan shirin agajin gaggawa na NEMSAS ya fito, wanda aka fara a Abuja a 2022 da alkawarin biyan kuɗin motar asibiti da maganin awa 48 na farko. Tunanin daidai ne. Sai dai shiri ne na a yi aiki tukuna a kawo takardun neman biya, famasi kuwa ba ta sayo kaya da alkawari. Duk watan da biya ya yi jinkiri, a kan kanta za a gani. Ga shi kuma tun da aka bar kasuwa ta yanka wa naira daraja a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, a ƙasar da mafi yawan magunguna da kayan asibiti daga waje suke zuwa, musamman Indiya da Sin. Asusun da ya sayar da katan 100 a tsohon farashi ba zai iya sayo 100 a sabo ba. Jari ya zaizaye ko da ba wanda ya saci ƙwandala.

Duk da haka akwai gyaran da ba ya jiran kasafin kuɗi. Ku lura da teburin mai shayi a titin Bauchi da asuba. Siga, madara, burodi, ƙwai, wuƙa, kowanne da mazauninsa, hannunsa na kai musu ba tare da ya duba ba. Gwangwanin madara na biyu yana ƙasa tun kafin na farko ya ƙare, kuma yaronsa ke zuwa sayowa, shi ba ya barin tukunya. Jera kaya a emajensi bai wuce waɗannan uku ba, sai dai a asibiti an ba su ƙa'ida. Kowane abu a yi masa akwati biyu. A riƙa ɗiba daga na gaba, in ya ƙare a ture shi gefe a jawo na baya, fankon akwatin shi ne takardar oda. Ba wanda ya ƙirga, ba wanda ya cike fom. Kamfanin Toyota ne ya shahara da wannan salo a masana'antar motoci, asibitoci suka ara. Yawan abin da za a zuba kuma ba da ka ake yankewa ba: abin da ake ci a rana, a ninka da kwanakin da ake ɗauka kafin a kawo wani, a ɗora ɗan ƙari. In ana cin koriyar kanula 20 a rana, cikawa kuma tana iya ɗaukar kwana biyu, 50 a akwati ta isa.

Inda na fi dagewa shi ne wa ke cika akwatin. Kada ya zama nas. A asibitoci da yawa ita ke ƙidaya, ita ke cike takardar neman kaya, ita ke bin sa hannun manya, wani lokaci ita ke tura turoli zuwa sito a ranar da aka ware, kamar haɗari ya san ranar sito. Wannan aikin ma'aikacin sito ne ko mataimakin mai haɗa magani: mutum ɗaya da zai zagayo kullum, ya ɗauke fanko, ya kawo cikakke, ya sa wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa a gaba, sabo a baya. Albashinsa bai kai na nas ba, horonsa kuma bai ɗaukar shekaru. Shi ne ma maganin kwaɗo. In akwati 50 kacal yake ci, kuma kullum ana dubawa ana rubutawa, ranar da 30 suka fita alhali majinyata 12 aka sa wa, kafin magariba za a gani. Sata ta fi samun gindin zama a babban siton da ake ƙirgawa sau ɗaya a shekara.

Sai haɗa kaya bisa aiki. Na ƙarin ruwa a leda ɗaya, na ɗinki a ɗaya, na sa robar fitsari a ɗaya. Nas ta miƙa hannu sau ɗaya, a rubuta leda guda a fayil ɗin majinyaci, a yi maganar kuɗi bayan jini ya tsaya. Turolin farfaɗo da wanda numfashinsa ko zuciyarsa ta tsaya kuwa, dokarsa ta fi tsanani, don ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci. Adirenalin, jakar hura iska, bututun maƙogwaro, ruwan siga mai kauri, allurar tsayar da jijjiga, kowanne a durowar da aka san shi, a jere yadda ake duba majinyaci: hanyar iska, numfashi, sannan jini. Ba a sa masa kwaɗo. Ana ɗaure shi ne da siririyar roba mai lamba wadda hannu ke tsinkewa. In mai karɓar aiki ya tarar da lambar jiya ba a tsinke ba, ya san komai na ciki. In an tsinke, a cika kafin a yi komai. Ya kamata kuma turolin emajensi da na ɗakin yara da na ɗakin haihuwa su bi jeri ɗaya, domin nas ɗin da aka aro daga wani ɗaki ran da abu ya ɓaci kada ta tsaya buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya.

Kada a ce wannan na ƙasashe masu kuɗi ne. Asibitocin Amurka suna da kabad mai kwamfuta da ke buɗewa da zanen yatsa, amma a inda wuta ke ɗaukewa, kabad ɗin da ya ƙi buɗewa ya fi kwaɗo sharri. Asibitin mata na Castle Street da ke Kolombo ta Siri Lanka da kwashe tarkace da fenti da liƙa suna a kan kanta ya fara nasa gyaran a shekarar 2000. Hukumar JICA ta Japan ta kawo salon Afirka daga 2007, a Najeriya aka gwada shi a asibitin haihuwa na Tsibirin Legas.

Abin da ba za a aro daga waje ba shi ne kalandar Filato. Da damina zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara, sai a nemi ƙananan kanula, allurar atesunet da jini. Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da sanyin garin nan ke sa mutane kwana da kaskon gawayi a ɗaki, ƙuna da asma da namoniya ke yawa. Ƙuna kuwa tana shan ruwa. Mutum mai nauyin kilo 60 da kashi 30 cikin 100 na jikinsa ya ƙone, lissafin da likitoci suka saba bi yana ba shi lita 7 da ɗoriya a awa 24 na farko, kusan leda 15 ta rabin lita, rabinsu cikin awa takwas na farko. Mutum uku daga gobara ɗaya sun share kanta. Rani lokacin zazzaɓin Lasa ne, Filato na cikin jihohin da yake taɓawa, kuma a nan safar hannu da takunkumi da rigar kariya rayuwar ita nas ɗin ce kanta. Sallah da Kirsimeti na hanya ne. A kudancin jihar, wajen Langtang, lokacin noma da girbi na kububuwa ne, shi ya sa cibiyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Zamko ta yi suna wajen maganin saran maciji. Adadin da aka yanke wa akwati a Maris ba zai yi aiki a Agusta ba, littafin karɓar majinyata na bara kuma ya isa ya nuna wa metron yaushe za ta ƙara me.

Sannan akwai ranakun da ba sa cikin kalanda. Ranar 20 ga Mayu 2014 bama-bamai biyu suka tashi a kasuwar Taminus, aƙalla mutum 118 suka rasu. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin makarantar Saints Academy ya rufta a Busa Buji, mutum 22 suka rasu, aka kwashi fiye da 100 zuwa asibitocin garin, cikinsu har da Asibitin Ƙwararru na Filato, Jankwano da OLA. Garin da ya ga irin waɗannan ranaku, kowane babban emajensinsa na buƙatar ajiyar ko-ta-kwana: ruwa, bandeji, kanula, safar hannu da katakon ɗaure karaya na mutum 30 ko 50, a ɗaki na kusa, daban da kayan yau da kullum. Sharaɗinta a riƙa juya ta, duk bayan 'yan watanni a fito da na ciki a yi aiki da su a mayar da sababbi, in ba haka ba ranar da aka buɗe za a tarar wa'adinsu ya wuce. Akwai kuma abin lura a ranar Busa Buji: gwamnatin jiha ta umarci asibitoci su yi magani ba tare da neman takarda ko kuɗi ba. Ashe kowa ya san rasit na cin lokaci. Yaron da keke ta buge a Gangare a daren Talata, jininsa da irin wannan saurin yake zuba, sai dai shi babu sanarwar kwamishina a kansa.

Iskar oksijin ita ta fi nuna cewa ba a ƙirga kaya ɗaya-ɗaya. Bayan korona an kafa injinan haɗa iskar a asibitoci da dama na ƙasar nan. Amma silinda cike ba ta amfanar kowa in babu kan da ke daidaita fitar iskar, ko sifanar buɗewa, ko robar hanci daidai da yaro, ko wanda zai gangaro da ita daga inda aka ajiye. Ƙaramin injin da ke tace iskar a gefen gado kuma da wuta yake aiki. Haka na'urar gwada siga in ba tsinkenta, ga shi tsinken wani kamfani ba ya shiga ta wani, haka wadda ake maƙala wa yatsa in ba batir. Masu kyauta sun fi son kawo na'ura a ɗauki hoto. Ba wanda ke kiran 'yan jarida don katan ɗin batir.

Su masu kyautar kuwa Jos na da su. A nan aka kafa Izala a 1978, kuma 'yan agajinta da na Jama'atu da Fityanu da na Red Cross suna cikin masu fara isa wurin haɗari. Majami'u ma suna da nasu kwamitocin ziyarar asibiti. Da azumi ana kai wa majinyata shinkafa da sabulu da 'yan kuɗi, Allah ya saka. Amma da wani kwamitin masallaci ko ƙungiyar 'yan kasuwa za su zauna da shugabannin asibiti su ɗauki nauyin ledojin awa ta farko na waɗanda ba a san su ba ko ba su da hali, kuɗin zai fi yin nisa. Sai dai kada a miƙa katan a juya baya. A buɗe littafi: leda mai lamba kaza ta tafi ga fayil mai lamba kaza, wanda ya iya biya daga baya ya biya, wanda bai iya ba asusun ya mayar wa famasi a ƙarshen mako, wakilin kwamiti da mai haɗa magani su sa hannu tare.

Shi kuma asibiti nasa ɓangaren shi ne ya fara rubuta abin da bai saba rubutawa ba. Ana rubuta majinyata nawa suka zo, nawa aka kwantar, nawa suka rasu. A ƙara shafi biyu. Na farko, ƙarfe nawa majinyaci mai alamar ja ya shigo, ƙarfe nawa aka ɗaura masa ruwa. Na biyu, duk lokacin da nas ta miƙa hannu ta tarar babu, ta rubuta sunan abin da kwanan wata, ko da ta samo shi a loka ko a ɗakin maƙwabta. Kada a nemi sunanta, kada kuma a kira ta ofis don ta rubuta, in ba haka ba shafin fari zai zauna. Shi za a kai wa mai sito kafin ya yi odar wata mai zuwa, ya ɗora abin da ke ciki a kan abin da littafinsa ya nuna.